Ƙarfen da Yaya Sale Ya Ƙi Yankewa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale mai walda na Birnin Kudu, Allah Ya jiƙansa. Na saba duk shekara in yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na gani a garejinsa.

Ga wanda bai san shi ba, sana'arsa rage wa mota nauyi. A zamaninsa direbobin a-kori-kura masu shiga ƙauyukan Gwaram kan sa a yi musu bodi da ƙarfe mai kauri da jibga-jibgan katako, wai alamar ƙarko ke nan. Sai mota ta zo yashin hanyar Dingaya ta kafe, mata su sauko da goyo suna turi. Yaya ya fara cire musu wannan nauyin banza, yana sa bututun ƙarfe marar kauri da falankin alminiyam. Da farko dariya aka yi masa, aka ce gwangwani yake ƙerawa. Da suka ga gwangwanin yana haye yashi, man da suka sha kuma yana kai su ya dawo da su, masu dariyar ne suka fara kama layi.

Abu ɗaya ne bai taɓa yankewa ba: ƙarfen nan mai kauri da ke lanƙwashe bayan kan direba, wanda ke tokare mota idan ta kife don kada ta danne mutanen baya. Direba zai yi ta magiya, ya ce ƙarfen shi kaɗai ya kusa nauyin buhu. Sai Yaya ya ajiye kayan aiki ya tafi alwala, ko da lokacin salla da saura. Faɗansa ke nan. Ba ya ɗaga murya, sai dai ka gaji da tsayuwa ka tafi.

Duk da haka bai bar duniya hankalinsa kwance kan sana'ar ba. Ya lura duk abin da ya rage, direba sai ya cike gurbin da buhun gero ko ƙarin fasinja. Ya taɓa ce mini, "Hajara, ina sauke wa mota kaya, suna mayar mata. Birkin kuwa shi ne dai na jiya."

Yanzu ɗansa Nasiru ne ke riƙe da garejin, kuma hannun uban ya ɗauko sak. Yana da a-kori-kurarsa da yake kai mata kasuwa a ƙasar Gwaram. Tun da mai ya yi tsada direbobi suka shiga tuɓe motocinsu: wannan ya cire bamba, wancan ya bar safaya a gida, wani ko murfin baya ba shi da shi. Ina gani ina tsaki, ina cewa namu ba zai yi ba.

Watan jiya na biya in gaishe shi, sai ga ƙarfen nan jingine da bango, bakin yankan yana ƙyalli. Daga motarsa ya cire. Na tambaye shi, bai ko sunkuyar da kai ba.

"Gwaggo, ai Baba ma ragewa yake yi. Da yana raye ya ga kuɗin mai, da shi zai fara yankewa."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ina son in rantse Yaya ba zai yi ba, amma bai taɓa sayen mai a wannan farashin ba, bai kuma ga ranar da direba zai yini a hanya ya dawo ba na cefane ba. Nasiru ba mugu ba ne, iyali gare shi. Sai dai na san waɗanda ke zama a bayan motar: masu daddawa, masu nono, tsofaffi sa'o'ina, da jarirai a bayan iyayensu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Na auna abin da ya rage na yayana. Gwanintarsa tana nan, kowane mai walda a garin ya iya sa mota ta yi sakayau. Taurin kan nan nasa ne ban ga wanda ya gada ba, kuma ni ban iya walda ba.

Don haka ranar kasuwa na je tasha. Nasiru ya buɗe mini gidan gaba, na wuce shi na hau baya na zauna cikin mata.

"Gwaggo, don Allah ki dawo gaba."

"In nan ya ishi uwar wani, ya ishe ni."

Ya ja motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har fasinja suna mita. Tun ranar ban fasa ba, duk da gwiwoyina ba sa so. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun taya ƙarfen, bai sayar ba, bai kuma mayar da shi ba. Jibi ma kasuwa ce, kuma a baya zan zauna.