Ƙwaryar Nonon Gwaggo Tasalla

Jama'a, salamu alaikum. Kun sha tambayata me ya sami ƙafata ta hagu, ni kuwa ina kawar da zancen. Yau dai zan faɗa.

Zamanin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu da ke bayan Kura, ina cikin matan da ke ƙwadagon dashen shinkafa. Wuni muke yi tsaye cikin ruwa.

Da fitsarin jini abin ya fara. Ban damu ba, don a wurinmu tsargiya ba abin kai wa likita ba ce.

Sai ciwon baya, sai ƙafafuna suka yi nauyi. Wata safiya na yunƙura zan yi alwala, suka ƙi ɗaukata.

Gwaggo Tasalla, yayar babana wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ta taɓa su ta ce, "Inna ce."

Inna ita ce aljanar da tsofaffinmu ke kira uwa. Sun ce nono take so, kuma idan ta yi fushi ƙafa take shanyewa.

Gwaggo mai salla ce, amma ba ta taɓa ganin wannan ya hana wancan ba. Kullum da hantsi takan goya ni zuwa bakin kanal, magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu, ta zuba nono daga ƙwaryarta a gindin tsamiya, ta tsoma ƙafafuna a ruwa tana cewa, "Uwa ba ta gaba da 'yarta, ki sake ta."

Da fitsari ya fara kufce mini, tsoro ya kama ni sosai. Mijina ya sayar da injin ban ruwansa, muka tafi asibiti a Kano.

Gwajin fitsari, gwajin jini, allura a gadon baya. Likita ya tambaya ko ina shiga ruwan kanal.

Gwaggo ce ta amsa, har da alfaharinta: "Kullum, ɗan nan. Ni nake kai ta."

Ya ajiye bironsa. "Baba, tsutsar tsargiya ce ta hau mata lakar gadon baya. A cikin ruwan nan take."

Gwaggo ta jawo bakin zanina ta rufe mini ƙafafu.

Aka ba ni ƙwayoyi, aka yi ta gasa mini ƙafafu. Ta dama ta dawo sarai. Ta hagu, likita ya ce mun makara, har yau ina jan ta.

Da muka koma gida Gwaggo ba ta sake zuwa tsamiyar ba, amma ba ta daina sayen nono ba. Duk Juma'a sai ta dama fura a ƙwaryar nan ta kai wa masu jego, ta sa a karanta mata Suratu Maryam. Tana cewa an gaya mata tausayin Allah ya fi na uwa, to can za ta kai kukanta.

Na gode wa Allah, na gode wa mijina da ma'aikatan ɗakin mata na asibitin.

Idan kun ga jini a fitsari, ku je asibiti tun ƙafa tana ɗaukarku. Masu dashe, ku nemi takalmin roba.

Gwaggo ta rasu tana roƙona gafara, alhali ban taɓa riƙe ta ba. Ƙwaryar tana wurina. Gobe Juma'a, akwai mai jego a layinmu.