Laifin Baffa shi ne sake shuka

Jiya na ji ana rabon tallafin ambaliya, sai raina ya sake ɓaci.

Gab da samun 'yancin kai, ruwa ya share gonar baffana a Tirwun. Ya sayar da akuyarsa, ya sake shuka wake. Sai bayan wata biyu malamin gona ya iso rubuta waɗanda gwamnati za ta biya. Ina tsaye.

"Baba, ai gonarka kore shar!"

"Ranka ya daɗe, akuyata ce kake gani."

"Ni abin da na tarar nake rubutawa."

Maƙwabcinmu da ya miƙe ƙafa a gindin tsamiya, gonarsa fayau, shi aka biya. Har riga ya ɗinka.

Jama'a, yanzu ma sai ka naɗe hannu ake ganin asararka?