Damaris da Tulsin Mama Sarla

Ƙanwata Damaris ba ta iya ƙarya ba. Ba yabonta nake yi ba, don wannan hali nata ya sha jawo mana duka tun muna yara a Fadan Kaje. In ta tashi yin ƙarya sai hancinta ya fara gumi, shi ke nan an kama mu duka.

Bayan rasuwar mijinta Levi ta dawo kusa da ni a Kafanchan, ta samu aikin girki a gidan wani Ba'indiye mai sayen citta, Mista Dinesh. Gida ne da ba a shiga da nama, ko ƙwai ba a soyawa. Da na ji haka na ce, “To me za ki dafa musu, ciyawa?” Amma ta koya, har ta zo ta fi uban gidan iya murza fulawa. Akwai ɗaki ɗaya mai hotunan allolinsu da turare. Tun ranar farko ta ce masa, “Oga, ni 'yar Zumuntar Matan coci ce, zan share ko'ina amma ban da nan.” Ya ce ba damuwa.

Mahaifiyarsa, Mama Sarla, ta zo zama da shi bayan mutuwar mijinta. Fararen kaya kawai take sawa, wai haka al'adarsu take ga matar da ta rasa miji. Ita da Damaris suna magana da guntun Turanci, guntun Hausa, saura kuma da hannu. Yadda suka shaƙu har haushi yake ba ni, ni da muka fito ciki ɗaya.

A tsakar gidan akwai wata shuka cikin tukunyar siminti, sunanta tulsi. Daga Indiya tsohuwar ta ƙullo irin a bakin zane. Kullum da safe sai ta yi wanka, ta ba ta ruwa, ta zagaya ta tana addu'a, da yamma ta kunna mata 'yar fitilar mai. In ka gan ta za ka rantse ɗaɗɗoya ce, wadda muke sawa a farfesu, sai dai ganyenta ya fi ƙanana. Mama Sarla ta sha faɗa wa Damaris cewa a wurinsu ba a barin mutum ya cika a kan gado. Ana sauke shi ƙasa, a sa masa ganyen tulsi a baki, ta haka zai tafi da tsarki. Ta riƙe hannun Damaris ta ce, “Ɗana yawo ya yi masa yawa. In ba ya nan, ke za ki sa mini.” Damaris ta ce to, sannan ta zo gidana ta hana ni barci da tambaya ko wannan bautar gumaka ne. Na ce mata ganye ne, ta je ta tambayi fasto in tana so. Ba ta je ba.

Shekarar da cuta ta cinye gonakin citta, ciwon tsohuwar ya tashi, ɗanta ya kai ta asibiti a Jos suka daɗe. Damaris ce ke ba shukar ruwa. Wata Lahadi ta tafi sujada, maigadin gidan, Meshak, mutumin Nok, magidanci da furfurarsa, mura ta dame shi. Ya ga masu gida ba sa nan, ya sayo kan akuya ya ɗora a bayan ɗakinsa. Ya duba ya ga ɗaɗɗoya tsaye a tsakar gida ba mai ci. Bai tsinki ganye biyu ya haƙura ba, a'a, wuƙa ya sa ya yanke ta tun daga gindi, wai sauran zai shanya don gaba. Kaji kuma suka watsar da shanyar. Da Damaris ta dawo ta sa hannu a ka, sai cewa ya yi, “Madam, ai zai sake fito. Kuma ma bai da daɗi, kamar magani.”

Ba ta sake fitowa ba. Kututturen ya bushe a kan idon Damaris. Ana cikin haka Mista Dinesh ya bugo waya cewa likitoci sun ce a dawo da Mama gida, babu sauran abin yi, suna tafe a ƙarshen mako.

Wayyo, kwanakin nan na ga tashin hankali. Damaris ta daina cin abinci. Ta bi masu sayar da furanni na bakin titi, ta aika Kaduna a tambaya, kowa ya ce bai san wani tulsi ba. Ta kasa faɗa wa ogan a waya, wai ba za ta ƙara masa wani nauyi ba. Ana gobe za su iso, ba tare da ta yi shawara da kowa ba, ta shiga bayan gidana ta tono ƙaramar ɗaɗɗoya. Ta tumɓuke busasshen kututturen ta jefa a jujin bayan siton ogan, inda ake zuba sharar citta, ta dasa tata. Da ta gaya mini, na ce, “Ke? Ke za ki yi wa mai mutuwa ƙarya? Da wane hancin?”

Suka iso da rana tsaka. Tsohuwar ta rame ƙwarai, idonta ba ya gani sosai. Ɗanta bai ko kalli tsakar gida ba. Washegari da hantsi numfashinta ya canza, ta kira Damaris ta ce, “Tulsi.”

Damaris ta fita ta tsinko ganyen, ta dawo ta tsaya a bakin gado. Tsohuwar ta buɗe baki tana jira. Sai kawai Damaris ta durƙusa ta fashe da kuka, ta ce, “Mama, ba shi ba ne. Naki ya mutu. Wannan na miya ne.”

Mista Dinesh ya miƙe zai yi magana, uwar ta ɗaga masa yatsa. Can ta yi magana da yarensu, shi ya fassara, muryarsa a dashe: “Ta ce ba komai. Ko busasshen itacen ma mai tsarki ne. Ki kawo mata itacen.”

Damaris ta fita a guje ba takalmi. Jujin nan kuwa leburori sun yi ta zuba shara a kai tun jiya, ɓawon citta, saiwoyi, karan ciyawa, duk launi ɗaya. Ta durƙusa tana tonawa da hannu. Meshak ya zo da cebur, ta daka masa tsawa ya tsaya nesa. Tana tono tana jin Mista Dinesh yana jan tabarma a ɗaki, za a sauke uwarsa ƙasa. Ta samu wani ɗan busasshen ice mai saiwa, tsawon yatsa. Ta shinshina, warin citta kawai yake yi, kamar komai a wurin. Ogan ya ƙwala mata kira.

Ta kai, ta sa a tafin tsohuwar. Mama Sarla ta damƙe shi, ta kai kusa da hancinta. Kafin azahar ta cika, icen yana hannunta, kuma da shi aka tafi da gawarta Legas, inda za a ƙona ta bisa al'adarsu.

Damaris tana gidan har yanzu, ogan bai taɓa tayar da maganar ba. Ita ce ba ta bari. Sai muna zaune muna gyaran wake, ana hira lafiya lau, ta ajiye tire ta dube ni.

“Yaya, shi ne kuwa?”

Ni ban je jujin ba, ban ga icen ba. Nakan ce mata shi ne mana, ki ci gaba da aikinki. Sai ta tsura wa hancina ido.