Kunyar da Ta Karya Ƙugun Surukina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ranar da motar gyaɗa ta kife da mu tsakanin Safana da Batsari tana nan a idona, kuma na san da ita za a binne ni. Duk wanda ya ji labarin yakan ce na yi arziki, tunda na fito ko ƙwarzane babu. Ni kuwa ban taɓa iya murna da wannan arziki ba.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin su tattara su tafi. Wata huɗu ke nan da aurena, ina aikin dako a inda ake awon gyaɗa a Safana. In kaka ta yi, mu ke loda buhuna a mota, wani lokaci mu bi ta har Katsina mu sauke. Wadda ta fi zuwa mana wata tsohuwar mota ce mai bodin katako, kuma na san ta ciki da bai. Na san birkinta sai an taka sau uku yake kamawa. Na san ƙofar gaba ta wajen fasinja ba ta da sakata, da igiyar rama ake ɗaure ta, igiyar ma ta soma cinyewa. Akwai wani rafi kafin a kai Batsari mai mugun gangare, duk wanda ya saba da motar nan, in an zo bakinsa dirowa yake yi ya taka da ƙafa, ya jira ta a ƙetare.

Surukina liman ne a wani ƙauye kusa da Tsaskiya, dogon mutum mai tafiyar ƙasa, wanda bai taɓa shiga mota ba. Ba shi da faɗa ko kaɗan. Amma yaran yanzu ba za su gane irin kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa a lokacinmu ba, balle ni da na auri 'yarsa ta fari. Ban taɓa kallon fuskarsa ba. In na hango shi a hanya sai in ratse cikin gona. In ta kama dole, in tuɓe takalmi tun daga nesa, in tsugunna in gaishe shi kaina a ƙasa, shi ma ya amsa yana duban wani wuri. Daga gaisuwa babu wata magana, kuma ina alfahari da haka, don har yabona ake yi a ƙauyensu.

Ran nan da hantsi muna cikin lodi sai ga shi da buta da buzunsa. An aiko masa cewa malaminsa na Katsina yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana son ganinsa. Jaki ba zai kai shi da wuri ba, shi ya sa ya zo neman mota. Direba na ganin rawani ya russuna ya ce, “Allah gafarta Malam, ai kai gaba za ka zauna.” Ya buɗe masa ƙofar nan, ya zaunar da shi a jikinta, ya zagayo ya ɗaure igiyar da hannunsa.

Abin da ya kamata in faɗa bai fi numfashi ɗaya ba: kada ya jingina da ƙofa, kuma in an zo rafi ya sauka. Na zagaya motar har sau uku. Duk sa'ad da na zo daidai tagarsa sai bakina ya yi nauyi, in wuce kamar mai duba buhu. Da na rasa dabara sai na ja wani dattijo mai sayar da goro da zai bi mu, na ce, “Baba, don Allah ka gaya ma Malam kada shi jingina da ƙofar can, in an kai rafi kuma shi sauka.”

Ya dube ni ya yi dariya. “Kai mi ya samu bakinka? Ni in je in ce ma liman shi ji tsoron mota? Ai ya fi mu addu'a. Hau mu tafi, ango.”

Na hau. Na gaya wa kaina ai na yi iyakar ƙoƙarina, alhali na san ƙarya nake yi. Direba ma ban yi masa magana ba, don a wancan zamani direba babban mutum ne, ɗan dako bai isa ya kushe masa mota ba.

Da muka iso bakin gangaren, direba ya rage gudu, abokan aikina biyu suka dire. Ni na zauna a kan buhuna, wai don kada a ce na gudu na bar surukina. Zaman nan bai amfane shi da komai ba. Mota ta sunkuya, na ji ƙarar takun birki, ɗaya, biyu, uku, huɗu, shiru. Ta kwasa a guje, mai goro yana ta salati. Direba ya karya sitiyari don ya kauce wa wani dutse, motar ta karkata, sai na ji wani abu ya tsinke, na ga farin rawani ya fita ta gefe. Daga nan sai na tsinci kaina zaune cikin yashin rafi, hulata ma tana kaina.

Na tashi na shafa jikina, babu inda ke ciwo. Direba ya fito da jini a goshi, mai goro ya gurɗe hannu. Surukina kuwa yana can baya inda ƙofa ta zubar da shi, buhuna biyu sun danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Ni na ɗaga su. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ranar kuma na fara taɓa jikinsa, na goya shi har bakin hanya.

A Batsari aka yi masa ɗori, amma ƙugun bai koma daidai ba. Malaminsa ya rasu ba su gana ba. Mutumin da ke zuwa Safana da ƙafa ya koma sai an kama shi zai fita zaure, limancin ma ya miƙa wa ƙanensa, don ba ya iya tsayuwa. Kowa ya ce ƙaddara ce, na kuma yarda, amma ni na san abin da na haɗiye. Na bar dako, na koma ina nome masa gonarsa duk damina. Mutane suna ta sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Matata ma ban gaya mata ba.

Sai da aka shekara tara. Wata rana da la'asar na kai masa damin gero na fari, na tarar da shi shi kaɗai a zaure. Na tsugunna, na gaishe shi, maimakon in tashi sai na ji bakina ya buɗe. Na gaya masa komai, da igiyar, da birkin, da mai goro. Ina magana ina kuka, da gemuna.

Da na gama sai ya ce, “Ɗana, ai na gan ka. Sau uku ka zagayo, bakinka na motsi. Na san akwai magana. Na so in kira ka in ce mi ne ne, ni ma kunya ta hana ni.” Ya shafa ƙafarsa ya ce, “Mu biyu muka yi wanga aiki. Na yafe maka, kai ma ka yafe mani.”

Yafiyar nan ba ta mayar masa da ƙugu ba, a zaune ya ƙarasa kwanansa. Tun daga ranar na koyi cewa kunya ado ce, amma in rai yana cikin haɗari ba ta da wurin zama. Yau in zan shiga mota sai na jijjiga ƙofa, sai na tambayi direba lafiyar birkinsa, in na ga abin da bai yi mini ba in faɗa da ƙarfi, ko wa ke zaune. A tashar Batsari suna ce mini tsoho mai surutu, ba na ko damuwa. Na taɓa yin shiru sau ɗaya don a ce ina da ladabi, kuma wani ne ya biya da ƙafafunsa.