Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

Kakana ya yi ci-rani a Lakwaja yana saurayi, ya dawo Ƙarfi da labari ɗaya da ya hana shi sakat har tsufa. Wai ya yi aiki a jirgin ruwa mai cin itace, yana tafiya yana turnuƙe sama da hayaƙi, kuma shi ne mai hura wutar. Mu da babban ruwanmu bai wuce rafin damina ba, wa zai yarda? Amininsa, wani tsohon manomin auduga, kullum sai ya tsokane shi a majalisa: "Malam, wuta a kan ruwa? Tuwo jirgin ke tuƙawa?" Kaka yakan yi dariya, amma na san abin na ci masa rai.

Da taron malamai ya kai ni Lakwaja, sai na ci karo da wani hoto a shagon masu tara kayan tarihi. Zanen tsohon jirgi ne aka buga a takarda mai kauri, ga bututu, ga hayaƙi baƙi ƙirin ya cika rabin sama. Na yi tsalle a gaban mutane, ni da gemuna. A mota rungume shi na yi, ina ta washe baki ni kaɗai har direba ya fara leƙena ta madubi.

A Funtua na kai wa mai saka hotuna a gilashi, wanda ya saba gyara hotunan tsofaffi da hayaƙin murhu ya dafe. Na karɓo a naɗe, ɗoki ya hana ni buɗewa. Na aika a tara 'yan majalisa bayan la'asar, har da goro na saya.

Na yage takardar a gabansu. Sama shuɗiya tas, har da tsuntsaye. Bawan Allah ya ɗauka dauɗa ce, ya bi hayaƙin da fenti, ya shafe shi, ya ƙara mini gyara kyauta. Na ji kamar in nutse.

Aminin nan ya leƙa, ya ce, "To, Malam, ga jirgi mun gani. Ina hayaƙin?"

Kaka bai ko dube shi ba. Ya kawo hoton dab da idonsa, ya ɗora yatsa kan wata 'yar taga a ƙasan bututun.

"Ina zai yi hayaƙi?" in ji shi. "Ai ban tashi daga barci ba. Ga inda nake kwana."

Majalisa ta kece da dariya, har da ni, hawaye na zubo mini. Aminin ne kaɗai bai yi ba. Ya jawo buzunsa kusa da Kaka, ya gyara zama, ya ce, "Malam, ta wace ƙofa kake zuba itacen?"