Ranar da Harun Kumsari Ya Kai Hajja Yawo

Duk wanda ya taɓa hawa motar layin Mayo zuwa Suk Arabi, babbar kasuwar nan ta Khartum, kafin yaƙi ya san Harun, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gefen kunne, wanda ke rataye a ƙofar hafila, wato bas, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a iska, yana kiran "Arabi! Arabi!" har muryarsa ta dushe. Kumsari ne, wato yaron mota, sai dai shi yarantar tasa ta ƙi ƙarewa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bakin ƙofa. Waɗanda suka fara tare duk sun zama direbobi, wasu har da motar kansu da tumbi, shi kuwa in aka yi masa maganar sitiyari sai ya ce direba kwalta kawai yake gani, shi ko mutane yake gani.

Kuma a gaskiya ya iya aikinsa. A motocin Khartum fasinja ba ya ɗaga murya ya ce a tsaya, yatsa yake ƙyastawa. Ko mota ta cika maƙil, rediyo na ihu, mata biyu na faɗa a baya, Harun zai tsinci ƙarar yatsan nan, ya yi wa direba "kiss-kiss", mota ta tsaya. Shi zai fara dira ƙasa, ya kama hannun tsohuwa, ya sauke buhu, sannan ya bugi jikin mota sau biyu da tafin hannu. Sai ta fara gangarawa zai bi ta da taku uku, ya kama ƙarfe ya ɗane. Tsallen nan shi ne kwalliyarsa, ya fi ji da shi a kan rigar sallah.

Ɗan Mafaza ne, can bakin kogin Rahad, inda kakansa ya yada zango a hanyar Makka da niyyar noman damina ɗaya, daminar ta zama jikoki. Can ya auro Rabi'atu ya kai ta Mayo. A makon farko, amarya na zaune a bakin gado da lalle a ƙafa, ya yi mata alkawari: ranar Juma'a zai saka ta a mota, ya ba ta kujerar taga, ya zauna kusa da ita kamar kowane fasinja, ya nuna mata Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa. Alkawari kaya ne, amma Harun ya ɗauki nasa kamar auduga. Wannan Juma'ar akwai masu zuwa ziyara, waccan direba ba shi da lafiya, ta gaba mota na gareji. Rabi'atu ta haifi Nasir, ta haifi Manahil, ta yi shekaru tana sayar da gyaɗa da dakkuwa a ƙofar gida, har yara suka girma aka koma ce mata Hajja. Ta sha hawa motarsa, zuwa asibiti ko gaisuwar mutuwa, amma tana can baya, shi yana ƙofa yana cewa, "Ya Hajja, matsa ciki," kamar yadda yake gaya wa kowa. Ba ta taɓa tuna masa ba, wannan ne ma ya fi cinsa daga baya.

Da yaƙi ya ɓarke a 2023 suka fito a bayan babbar mota, kai a sunkuye, ba mai kallon komai. Nasir ya nufi Masar, Manahil ta bi mijinta Port Sudan, su biyu suka koma Mafaza, ɗakin ciyawa a gidan ƙanen Harun. Mutumin da bai riƙe lauje ba tun yana saurayi ya koma yankan riɗi a tsugune, gwiwoyinsa suka kumbura. Wata rana ya ji Rabi'atu tana hira da matar ƙanensa, an tambaye ta yadda Mugran take, ta ce, "An ce wuri ne mai kyau." Harun ya ajiye kofin shayinsa, ya kasa ƙarasa shi.

Shi ya sa da aka gama girbin riɗi na shekara ta biyu ya ce mata, "Hajja, bukra, gobe ke nan, da asuba za mu Gadarif."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Yawo za mu. Kasuwa, da ganin gari."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Kwayis, ya yi kyau," ta tashi ta ciro lafayarta mai ruwan ƙasa daga ƙasan akwati.

Motar Mafaza a-kori-kura ce. Direba ya saka Hajja a gaba da wata mai jego, Harun ya hau baya kan buhuna. Ya ce wa kansa wannan ba ya cikin lissafi, yawo sai an isa. Da hantsi suka shiga Gadarif, gari ya cika da motocin dawa da riɗi, 'yan ƙwadago zaune a inuwar shaguna da laujensu suna jiran mai gona. Suka fara da kasuwa. Rabi'atu ta bar jabanarta, tukunyar gahawar nan ta yumɓu, a kan murhu a Mayo, kuma shekara biyu tana dafa gahawa a butar ƙarfe tana cewa ba ta da ɗanɗano. Ta ɗaga jabana takwas tana ƙwanƙwasa kowace da farce kusa da kunne kafin ta yarda da ɗaya. Ta sayi gahawar Habasha ɗanya, da citta, da ɗan itacen sandal, da takalmin roba. A rumfar masu turare ta tsaya tana shaƙa, ta ce ƙamshin layin nan sak na Suk Arabi, har ta ambaci wani tsoho mai sayar da mahlab, ƙwayar ƙamshin nan, da ba su san ko yana raye ba. Harun na biye da ita da kaya, yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Bayan azahar, da suka ci wake da burodi, ya kai ta tashar motocin cikin gari. Ya zaɓi hafila ƙarama mai zuwa Daim Nur don an ce masa layin na da tsawo, za a ga gari sosai. Ya shige gaba ya kama mata kujerar taga, ya ɗora mata kayan a cinya, ya zauna kusa da ita. Kujerar ta yi masa wani iri, bai san inda ake ajiye gwiwa ba.

Motar ba ta da kumsari. Direban, wani mai suna Lukman, ya ce zamani ya yi tsanani, shi ke tuƙi shi ke karɓa, ƙofa kuwa wanda ya fi kusa ya ja. Harun ya ji abin kamar an ce masa masallaci ba ladan. Ya dai nuna wa Rabi'atu manyan rumbunan siminti na hatsi da ake hangowa, ya fara yi mata bayani. Sai wata mata a baya ta ƙyasta yatsa. Direba bai ji ba. Ta sake. Kafin Harun ya san abin da yake ciki, "kiss-kiss" ta fita daga bakinsa, Lukman ya taka birki yana dariya ta madubi. "Ya Hajj, kai ɗan sana'a ne!"

Shi ke nan, an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Tsayawa ta biyu ya miƙe don ya ja ƙofa. Ta uku wani tsoho mai sanda ya shigo, ya tallafe shi. Ta huɗu yana tsaye a bakin ƙofa, iska na kaɗa jallabiyarsa, yana kiran "Daim Nur! Daim Nur!" unguwar da bai taɓa takawa ba. Rabi'atu ta dubi kujerar da ya bari, ta mayar da fuskarta taga. Sabo turken wawa.

Kusa da wata gada a kan busasshen rafi wata yarinya da uwarta za su sauka da buhun gawayi. Harun ya dira, ya sauke buhun, ya jingine shi, ya juya ya bugi jikin mota sau biyu, bugu mai kyau irin na da. Lukman ya ji bugun gwani, ya ja mota. Harun ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, a na uku gwiwar dama ta ce ba da ita ba. Hannunsa ya kamo iska. Ya tsaya a tsakiyar ƙura yana kallon bayan motar da shi da kansa ya sallama, da matarsa a ciki, a garin da ba ta san kowa ba, ga wayarsu guda ɗaya tana aljihunsa.

Wani mai keke mai ƙafa uku ya tsaya ya ce, "Ya ammu, baba, mu bi ta?" Harun ya ɗaga ƙafa zai shiga, ya fasa. In ya bi ta ita kuma ta sauka a hanya, sun saɓa ke nan. Abin da ya sani a duniya ɗaya ne, motar layi inda ta bi nan take dawowa. Ya tsallaka titi yana ɗingishi, ya sami dutse a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya zauna.

Bai taɓa jiran mota ba a rayuwarsa, mota ce ke jiransa. Kowace hafila ta ɓullo sai ya miƙe, ya leƙa, ya koma ya zauna. Wata mai shayi da ke gefe ta ba shi ruwa ta ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, ya Hajj, layin da nisa." Ya tuna ƙofar gidansu a Mayo, da tiren gyaɗa, da yadda in ya shawo kwana yakan tarar da fuskarta na kallon bakin layi, ya ɗauka ciniki take jira. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Khartum ta tafi da Mugran ɗinta, yau ga Gadarif an ba shi a hannu, ita ma ya sake ta da tafinsa. Inuwar bishiyar ta matsa har ta bar ƙafarsa a rana, bai gyara zama ba.

Ana gab da kiran la'asar hafilar ta dawo, cike har ƙofa, mutum biyu na tsaye a sunkuye. Ba wanda ya ƙyasta yatsa, Lukman ne ya tsaya don kansa. "Hau, ya Hajj, alek Allah, don Allah ka raba ni da Hajja! Tun Daim Nur ta hana kowa zama a kujerarka. Har wata mai ciki ta zo, Hajja ta ce mata akwai mai ita."

Rabi'atu na jikin taga, jabana a naɗe cikin tsumma tana zaune a kujerar kusa da ita kamar fasinja. Harun ya kutsa tsakanin mutane, ya tsaya a kanta.

"Hajja, ba ki ga an bar ni a baya ba?"

"Na gani sarai, Abu Nasir. Har na ɗaga yatsa, sai na ce bari ya ɗanɗana." Ta ɗauke jabanar ta ɗora a cinya. "Na ga dutsen nan mai tankin ruwa, na ga tsohuwar tashar jirgi, na ga unguwa guda duk ɗakunan ciyawa irin namu. Gari ne mai kyau. Amma ba wanda zan ce wa, duba."

Wani a baya ya yi dariya, wata tsohuwa ta ce masa ya yi shiru.

"Zauna," in ji Rabi'atu. "Shekara talatin ina riƙe maka wuri, hannuna ya gaji."

Ya zauna. Lukman ya tambaya ta madubi ko tashar Mafaza za a sauke su, don motar ƙarshe ba ta jira. Harun ya buɗe baki, Rabi'atu ta riga shi. Ta ce a'a, in an kai kasuwa a juyo da su, za su sake bin layin tun daga farko, Mafaza kuwa tana nan gobe. Ƙofa na buɗe tana ƙara, wani fasinja ya miƙa hannu ya ja ta. Rabi'atu ta dafa gwiwar da ta kumbura, ta nuna waje da haɓa ta ce, "Duba."