Likkafanin da Ja'afaru Bai Shiga Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗa, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Yayana Ja'afaru, mai wankan gawa na unguwar Hindawiyya a Makka, ya rasu a Mina ranar sha ɗaya ga Zulhajji, 1372, cikin zafin da ya kayar da alhazai da yawa. Ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba.

Yaya, wankan gawa ba gadonmu ba ne. Dako muka sani tun barowarmu Kano zuwa Makka. Bayan yaƙin duniya, kana dako a Iskandariya ta Masar, ka shiga gidan silima neman inuwa, kai da kake cewa silima aikin marasa aikin yi ne. Fim aka nuna na shari'ar sojojin Jamus da suka hallaka Yahudawa. Ka ce ka ga gawarwaki tsirara ana tura su rami kamar shara. Wata mata da ta tsira ta tsaya ba da shaida, lauyan waɗanda ake tuhuma ya ce ta nuna kabarin uwarta in har kashe ta aka yi. Matar ta buɗe hannuwanta. Babu kabari, ƙone tsohuwar aka yi.

Ka dawo Makka da matar nan a ranka. Nakan tsokane ka cewa sau ɗaya ka shiga silima, amma ka fi mai gidan silimar yawan maimaita fim ɗin. Wani ya taɓa katse ka a majalisa: "Ya akhi, ɗan'uwa, Yahudawa ne fa." Ka ce, "Uwar wani ce fa. Wa ya wanke ta?"

Daga nan ka koyi wanka. Duk Hajji kana Mina, kana bin tantuna, kana neman baƙon da ya faɗi babu nasa kusa. In da sauran numfashi sai ka durƙusa: "Esh ismak? Sunanka? Garinku?" Ka riƙe sunan har ka kai shi kunnen mutanen garinsu. Likkafaninka, wanda ka jiƙa da Zamzam ka shanya kamar yadda alhazai ke yi, bai taɓa shekara a akwati ba. Sai ka naɗe wani baƙo da shi ka sayo sabo. Matarka Rumasa'u takan ce in ta naka ce, da tabarma za a binne ka, kai kuma ka yi dariya.

Isa ɗan dako ne ya ga faɗuwarka. Ya ce kana ɗauke da makara rana ta buge ka, ya taɓa ka ya ji babu rai, ya ruga nemana. Kafin mu iso, mota ta kwashe ka tare da waɗanda ba a san su ba. Na bi asibiti, na bi maƙabarta, na buɗe fuskokin da har yau suke hana ni cin abinci. Ko'ina amsa ɗaya: "Khalas, shi ke nan, an rufe su." Kai da ka tambayi kowa sunansa, babu wanda ya tambayi naka. Wannan ne ke cin raina, Yaya.

Rumasa'u ta ƙi shiga takaba. Ta ce mini, "Wada, in ya mutu nuna mini kabarinsa." Sai na ga hannuwana a buɗe, kamar na matar nan da na yi ta tsokanarka a kanta. Wallahi sai ranar na gane abin da ka gani.

Jiya aka aiko neman ka: wani tsohon alhaji ya cika a ƙofar masallacin unguwa, babu nasa. Rumasa'u ta buɗe akwati ta miƙo mini likkafaninka. Ta ce, "Kai masa. Da yana raye da tuni ya zo ya ɗauka." Ta koma ɗaki ta cire awarwaronta.

Ya Allah, Kai Ka san ramin da bawanKa Ja'afaru yake, Ka san sunansa. Ka wanke shi da rahamarKa, Ka yalwata masa makwanci, Ka gafarta masa. Ka ba Rumasa'u da 'yarsu Ummulkhairi haƙuri, ni ma Ka ba ni, don nawa ya ƙare. Amin.